Kaza Mai Sake Gashi a Lokacin Hunturu: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Ciyar da Ita

Da zarar an kammala girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai abin da yakan tayar da hankalin masu kiwon kaji a gida, tun daga Katsina da Daura har zuwa Maraɗi da Damagaram. Za ku wayi gari ku tarar da gashi warwatse a bakin akurki. Kazar da ta saba ba ku ƙwai ta daina, wuyanta ya fito fili, zankonta ya ƙanƙance, ta koma kamar wadda aka fara figewa aka fasa. A nan ne mutane da yawa suke yin ɗaya daga cikin kurakurai biyu. Wasu su ɗauka ciwo ne, su yi gaggawar yanka ta ko su kai ta kasuwa a farashin asara. Wasu kuma kazar tasu ciwo ne da ita na gaske, amma su ce ai sake gashi take yi, har cutar ta cinye akurki duka ta tsallaka maƙwabta.

Wannan darasi zai nuna muku bambancin abubuwan biyu, da abin da kaza mai sake gashi take bukata, da yadda za ku haɗa mata shi daga kayan da ke cikin kasuwarku. Maganar ta shafi lafiyar iyali kai tsaye, domin ƙwan da kazar nan take yi yana daga cikin abinci mafi gina jiki da yaro zai samu a gida ba tare da an ɓalle bakin aljihu ba.

Mene ne sake gashi?

Gashin kaza yana tsufa kamar yadda tufa take tsufa. Rana da ƙura da tone-tone suna cinye shi, don haka kimanin sau ɗaya a shekara kaza babba takan zubar da tsohon ta fitar da sabo. Wannan halitta ce, ba cuta ba. Galibi kaza takan yi cikakken sake gashi na farko ne idan ta kai wata 16 zuwa 18 da ƙyanƙyasa.

Abubuwa uku ne suka fi tayar da shi. Na farko, raguwar tsawon yini. A yankinmu yinin watan Disamba ya gaza na watan Yuni da kimanin awa ɗaya da rabi, kuma jikin kaza yana lura da wannan. Na biyu, kwanci da renon 'yan tsaki, domin kazar da ta yi kwana 21 a kan ƙwai tana cin abinci kaɗan takan fito a rame, ta shiga zubar da gashi. Na uku, wahala kowace iri: ƙishirwa, ƙarancin abinci, ko doguwar tafiya cikin keji. Shi ya sa ba dukan kajin gida ne suke sake gashi lokaci guda ba, amma wadda nata ya faɗo cikin hunturu ita ce ta fi shan wuya.

Zubar gashin yana bin tsari. Yakan fara daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da baya, sannan fukafukai da wutsiya. Kowane fiffike yana da manyan gashi guda goma a gefensa na waje, waɗanda suke faɗuwa bi da bi, daga na ciki zuwa na ƙarshe. A inda tsoho ya faɗi za ku ga sabo yana tsirowa kamar tsinke mai kube. Akwai jini a cikin wannan tsiro, kuma yana yi wa kaza zafi idan an taɓa, saboda haka a rage kama ta, a kuma hana yara guje-guje da ita. Yawanci abin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa kazar da ta zubar da gashinta da yawa a lokaci ɗaya, ta yi muni ƙwarai, sau da yawa ita ce gwanar ƙwai, kuma ita ce take saurin komawa aiki. Kada munin kamanni ya sa ku rabu da kazar da ta fi kowace amfani a gidan.

Dalilin da ya sa ƙwai yake tsayawa

Gashin kaza kusan dukansa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, fiye da kashi 80 cikin 100. Ƙwai ma furotin yake ci, domin kowane ƙwai matsakaici yana ɗauke da kimanin giram 6. Jikin kaza ba ya iya ɗaukar ɗawainiyar biyu a tare, sai ya ajiye ƙwai ya fuskanci gashi, tun da gashi ne bargonta. Zafin jikin kaza yana kai wa digiri 41, ya fi na mutum, kuma a daren hunturu da sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15, kazar da ba ta da cikakken gashi tana ƙone abincinta ne wajen ɗumama jiki.

Ga inda matsalar take. A damina kaza tana samun furotin da kanta: tsutsa, tana, ƙwari, fara da ɗanyen ganye. Da ƙasa ta bushe, waɗannan sukan yi ƙaranci. Abin da ya yawaita bayan girbi shi ne tsaba da dusa, kuma furotin ɗinsu kaɗan ne. Masara tana da kimanin kashi 9 cikin 100, dawa kimanin 10, gero kimanin 11 zuwa 12. Kaza mai ƙwai tana bukatar kashi 16 zuwa 18, mai sake gashi kuwa kimanin kashi 20. Ke nan kaza tana iya cika cikinta da dawa tun safe har magariba, amma jikinta bai sami abin gina gashi ba. Sai sake gashin ya ja lokaci, ƙwai ya jinkirta, kajin kuma su fara tsattsagar gashin junansu suna haɗiyewa.

Kafin ku ƙara abinci, ku tabbatar ba ciwo ba ne

Hunturu shi ne lokacin da annobar kaji ta Niyukasul ta fi ɓarna a ƙasashenmu. Don haka ku duba kazar da kyau.

Kaza mai sake gashi tana cin abinci, tana shan ruwa, tana tone-tone. Idonta garau ne, numfashinta daidai, kashinta kamar yadda aka saba. Fatar da ta bayyana tsaf take, kuma sabon gashi yana tsirowa.

Kaza marar lafiya takan takure wuri guda, fukafukai a sake, ido a lumshe. Tana iya yin tari ko minshari, majina tana fita daga hanci ko baki, ga zawo kore, ga murɗewar wuya ko shanyewar ƙafa. Idan kai da fuska sun kumbura, zanko da leɓe sun yi shuɗi-shuɗi, ko kuma kaji da yawa suka mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, ana iya zargin murar tsuntsaye, wadda take iya kama mutum.

Akwai kuma wasu dalilan zubar gashi. Idan kun buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya kuka ga ƙwarƙwata ko ƙuma, ko fararen ƙwayayensu manne a gindin gashi, to ƙwari ne suke cin ta. Idan bayan kaza kaɗai ya zube, sau da yawa zakaru ne suka yi yawa. Akwai kuma irin kajin da aka halitta da wuya tsirara, waɗannan ba abin damuwa ba ne.

Cutar kaji ba ta san iyaka ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 an tabbatar ta yi sanadin rasuwar wata mata a Legas. Saboda haka idan kun ga alamun da aka lissafa, kada ku yanka kazar, kada ku ci, kada ku sayar. Ku ware ta, ku binne wadda ta mutu a rami mai zurfi ba tare da taɓa ta da hannu tsirara ba, sannan ku sanar da malamin dabbobi mafi kusa. Wanda ya kamu da zazzaɓi da tari bayan ya yi hulɗa da irin waɗannan kaji, ya tafi asibiti, ya faɗa wa ma'aikatan lafiya abin da ya taɓa.

Inda za ku sami furotin mai sauƙi

Tunkuza da ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa yana da furotin kimanin kashi 40 cikin 100 ko fiye. Ku nemi wanda ba a sa masa gishiri ko yaji ba, domin gishiri mai yawa yana kashe kaji. Burbushin da ke ƙasan daro a wajen masu ƙuli ya wadatar, a daka shi.

Waken suya. Furotin ɗinsa ya kusa kashi 40, amma ɗanyensa yana da wani sinadari da yake hana jikin kaza narkar da abinci. Dole a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja, ko a dafa shi, kafin a niƙa. Dusar awara ma tana da amfani, sai dai a yawancin gidaje ana tace ta ne kafin a dafa ruwan waken, don haka ɗanya ce. A turara ta ko a dafa ta, a ba su a ranar, ko a shanya ta bushe sarai. Wake na gida shi ma a dafa shi tukuna.

Burbushin kifi. Kawuna da ɓaraguzan busasshen kifi da suke taruwa a ƙasan kwando suna da furotin fiye da rabin nauyinsu, ga kuma sinadarin ƙashi. Kaɗan ya isa, domin idan ya yi yawa ƙwai yakan yi ƙarni. A guji mai gishiri da wanda aka yayyafa wa maganin ƙwari.

Riɗi. Furotin iri-iri ne, kuma akwai wani ɓangare nasa da gashi ya fi bukata wanda ya yi ƙaranci a gyaɗa da wake, amma riɗi da kifi da ƙwari suna da shi. Shi ya sa gaurayawa ta fi a dogara ga abu ɗaya. Tankaɗen riɗi da abin da ya rage bayan an matse mansa duk suna da kyau.

Gara da fara. Ana iya kama gara ba tare da kashe ko sisi ba. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri ko kan hanyar gara da yamma, a yi mata inuwa. Da sassafe a ɗauko a zazzage wa kaji. Fara kuwa, ƙafafu da fukafukan da ake zubarwa wajen gyara ta duk abinci ne, amma kada a kuskura a ba kaji farar da aka tsinto a gonar da aka yi wa feshi.

Zogale. Busasshen ganyensa yana da furotin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, yana kuma sa gwaiduwa ta yi ja. A shanya shi a inuwa, a murmushe, a sa kaɗan.

Yadda ake haɗawa

Ku ɗauki ma'auni guda, ku yi amfani da shi daga farko har ƙarshe. Idan akwai sikeli ya fi daidai. A cikin awo 20:

1. Ɓarzajjiyar masara ko dawa ko gero, awo 12.
2. Tunkuza ko soyayyen waken suya, awo 4.
3. Dusa, awo 2.
4. Dakakken kifi, awo 1.
5. Garin zogale, awo 1.

Wannan haɗi yana kusantar kashi 20 ɗin da ake nema. Idan ba a sami kifi ba, a sa riɗi a gurbinsa, a ƙara da gara. Kazar da take yawon kiwo a tsakar gida tana bukatar kimanin cikin tafin hannu guda a yini, wato giram 30 zuwa 50. Wadda take kulle kuwa sai giram 100 ko ɗan fiye da haka. A raba kashi biyu, da safe kafin su fita, da kuma yamma kafin su shiga akurki, domin su kwana da abin ɗumama jiki. A shigar da sabon abincin sannu a hankali cikin kwana huɗu ko biyar. A zuba a kasko ko faranti fiye da ɗaya, domin kaza mai sake gashi takan zama abar tsangwama, ƙarfafa su hana ta ci.

Mai sayen abincin kaji na buhu zai iya neman na 'yan tsaki ko na kajin nama, domin furotin ɗinsu ya fi na masu ƙwai, ya riƙa ba su har gashi ya cika.

Ruwa ba ya cikin lissafin awo, amma ba a yi sai da shi. Iskar hunturu tana busar da kasko da wuri, kuma kaza takan sha ruwa kimanin ninki biyu na nauyin abincin da ta ci. A wanke kaskon kullum, a canja ruwan. A toshe ɓangaren akurkin da iska take bugowa da zana ko buhu, a bar kafar shan iska ta sama, a shimfiɗa busasshiyar ƙaiƙayi a ƙasa. A ajiye musu toka gauraye da yashi a wani lungu, birgimar da suke yi a ciki tana rage ƙwari.

Abubuwa uku da za ku kiyaye

Na farko, fumfuna. Akwai al'adar cewa ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna a zuba wa kaji. Wannan kuskure ne babba. Irin wannan fumfuna tana fitar da guba mai suna afulatokzin, wadda take lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar tunkuzar gyaɗa. Tana raunana kaji, wani abu daga cikinta yana iya shiga ƙwai da hantar kaza, kuma a jikin ɗan Adam tana daga cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. Abin da ya yi fumfuna, ko ya yi ɗaci, ko yake warin damshi, a binne shi. Kada a haɗa abincin da ya wuce na mako biyu, a kuma ajiye shi a busasshen wuri, sama da ƙasa.

Na biyu, kafso. Mutane da yawa sukan ɓare kafson mutane su zuba a ruwan kaji da zarar sun ga gashi yana zuba. Kafso ba ya tsirar da gashi, ba ya kuma kashe ƙwayar Niyukasul ko ta murar tsuntsaye. Abin da yake yi shi ne ya bar saura a cikin ƙwai da nama, ya kuma sa ƙwayoyin cuta su saba da magani, har ranar da yaro zai bukaci maganin ya ƙi yi masa aiki. Abin da yake kare kaji daga Niyukasul shi ne rigakafi. Akwai wanda ake ɗigawa a ido, mai jure zafi, ana maimaita shi duk wata huɗu, kuma ya fi amfani idan an yi shi kafin hunturu ya shigo. Kaji masu lafiya ake yi wa. Ku tuntuɓi malamin dabbobi na yankinku.

Na uku, wuce gona da iri. Furotin da ya yi yawa ɓarnar kuɗi ne, yana sa kashin kaji ya yi ruwa da wari mai hawa ido. Da gashi ya cika, zanko ya sake yin ja, a rage tunkuza zuwa awo 3. A lokacin ne za a ajiye musu dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa, ko ƙonannen ƙashi, a kasko daban, domin ɓawon sabon ƙwai ya yi ƙwari.

Ga 'yan kasuwar kaji

Ku da kuke bin kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Mai'aduwa, Maigatari, Illela da Ƙonni, hannunku ne yake iya tare cuta, shi ne kuma yake iya yaɗa ta. Idan aka kawo muku kaza mai zubar da gashi, ku buɗe fiffikenta ku nemi sabon tsiro, ku duba ido da hanci da gindin wutsiya. Mai lafiya ce, ku saya da gaskiya, ko ku shawarci mai ita ta koma da abarta ta ciyar da ita. Marar lafiya ce, kada ku saya komai arharta, domin ita kaɗai ta isa ta kashe muku keji guda. Ku riƙa wanke keji da sabulu kuna shanyawa a rana bayan kowace kasuwa. Kajin da ba su shiga ba, da waɗanda aka sayo sababbi, a ware su daga na gida har tsawon mako biyu aƙalla.

Ribar da take komawa ga yara

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A wannan fage kam sai an haƙura da kazar akurkin na 'yan makonni kafin ƙwan ya zo baka. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, kuma da kulawa tana iya wuce haka. Wanda ya yanka ta a tsakiyar sake gashi ya ci nama na rana ɗaya, ya rasa ƙwan shekara.

Idan ƙwan ya dawo, kada a kai shi kasuwa duka. Daga wata shida da haihuwa, lokacin da ake fara ba yaro abinci tare da nono, ana iya murmushe masa dafaffen ƙwai a cikin kunu ko fate. Mai ciki da mai shayarwa su ma suna bukatarsa. Zancen da ake yi cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata ba shi da tushe, abin da yake jawowa kawai shi ne a hana yaro abincin da zai gina masa jiki. A dafa ƙwai har farin da gwaiduwar su yi tauri. A riƙa share kashin kaji daga inda yara suke rarrafe, domin yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane, kuma duk wanda ya taɓa su ko ya share akurki ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne alamu ne suke nuna kaza sake gashi take yi, ba ciwo ba?
2. Me ya sa tsaba kaɗai ba ta isar kaza a wannan lokaci?
3. Me za a yi wa waken suya da dusar awara kafin a ba kaji?
4. Idan kaji da yawa suka mutu cikin kwana biyu, wa za a sanar, kuma me za a guje wa?

Ku karanta wa maƙwabtan da ba su sami wannan takarda ba, musamman mata da yara, tun da su ne suka fi kula da kajin gida.